Fara allurar suga: yadda ake yi a Ingila da abin da mai ciwo a Kano zai kiyaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Birmingham nake rubuto muku kan ranar da mai ciwon suga nau'i na biyu ke tsoro, ranar da likita zai ce ƙwaya kaɗai ta gaza, sai an haɗa da allura. A gida ana jin wannan magana kamar an kawo sammaci. A nan mataki ne na magani kawai, don jiki yana rage samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, da tafiyar shekaru, ko da mutum yana kiyaye bakinsa.

Maganin kansa ɗaya ne. Lantus, wani nau'in insulin, da ake bayarwa a nan shi ne na manyan kemis na Kano. Bambancin yana wajen kuɗi da koyarwa. A ƙarƙashin NHS, tsarin lafiya na gwamnati a nan, mai ciwon suga da ke kan magani ba ya biyan ko kwabo, har allurai da tsinken gwaji. A Kano yawanci daga aljihu ne, shi ya sa za ka ga dattijo yana rage adadin da aka rubuta masa don kwalba ta kai ƙarshen wata. Wannan yana damuna, domin rabin magani ba ya hana ciwon cin ido da ƙoda.

A nan ba a miƙa wa mutum allura ya tafi. Nas ce za ta zauna da shi har sai ya yi da hannunsa. Ana yawan farawa da insulin mai dogon aiki, yunit 10 sau ɗaya a rana, ƙwayar metformin kuma ana ci gaba da sha. Kullum da safe kafin karyawa zai gwada jini ya rubuta. Idan awon bai sauko ba, ana ƙara yunit 2 bayan kwana uku bisa tsarin da aka rubuta masa, har ya zauna tsakanin 4 da 7. Ku lura, wannan lissafin Ingila ne. Na'urori da yawa a gida suna nuna manyan lambobi, sai a ninka da 18: 7 a nan shi ne 126 a can.

Biron allura ake amfani da shi a nan, mai ɗauke da yunit 300, da ɗan tsinke mai tsawon milimita 4. A sa sabon tsinke, a fesar da yunit 2 a iska don fitar da kumfa, a murza adadin, a soka a fatar ciki ko cinya, a danna, a ƙirga goma kafin a zare. Wanda ya zare da wuri zai ga ɗigo a fata, maganin ne ya tsere. A riƙa sauya wuri, da tazarar yatsa ɗaya. Wanda ya nace wa wuri guda saboda ba ya zafi, fatar za ta yi kulu, magani ya daina shiga daidai, suga ya yi ta hawa da sauka ba dalili.

A Kano kwalba da sirinji sun fi yawa saboda sauƙin kuɗi, kuma nan ne babban haɗari yake. Akwai insulin mai yunit 100 a kowace mililita, akwai mai 40, kowanne da sirinjinsa. Idan aka zuƙi mai 100 da sirinjin 40 zuwa layin 10, yunit 25 mutum ya yi wa kansa. Don Allah a duba lambar jikin kwalba da ta sirinji kafin a bar kemis. Mai gauraye irin Mixtard, wanda ruwansa fari-fari ne kamar madara, a murza shi a tafin hannu har ya haɗe, ban da girgizawa, a yi shi minti 30 kafin abinci, kuma abincin ya zama yana nan a shirye.

Sai ajiya. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka buɗe yana kai wajen mako huɗu idan zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali Kano a watan Afrilu tana haura 40, ga wuta ba tabbas. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar Rolex a 2000, tana taimakawa sosai idan an ajiye ta a inuwa mai iska. Kada a ɗora kwalba kan ƙanƙara, wanda ya daskare ya mutu. Kuma a tambayi mai kemis ya ciro ta daga firji a gaban ido, a duba lambar NAFDAC.

Faɗuwar suga ita ce ke kisa da gaggawa. Rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa, ko awo ƙasa da 70 a na'urar gida: a sha rabin kwalbar lemo mai suga ko cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, a sake gwaji bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke haɗa allura da ƙwayar suga ta glibenclamide, da wanda ya yi allura ya tsallake abinci. Mai niyyar azumi ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a gyara masa adadi.

Ana yawan tambayar allurar mako-mako irin Ozempic. Ba insulin ba ce, ana farawa da miligiram 0.25 duk mako har mako huɗu, tana sa tashin zuciya da farko, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Kada a saya a hannun 'yan intanet.

A nan duk shekara ana kiran mutum a duba ƙafarsa da fitsarinsa, ido kuma duk shekara ɗaya ko biyu. A Kano ba mai kiran ka, amma ana yin waɗannan gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka nema da bakinka, tare da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan watannin baya, duk wata uku zuwa shida, ka kuma tafi da littafin awonka na safe.