Ƙwallo ko ɗaga ƙarfe: wanne ya fi wa ɗalibi?

A makarantun sakandare da dama a Amurka, ɗalibi kan zaɓi darasin motsa jikinsa: ƙwallon kwando, ko ɗaga ƙarfe.

Ƙwallo na sa zuciya aiki, ga nishaɗi, ga abokai. Sai dai yaron da bai ƙware ba yakan wuni a fili ba a miƙa masa ƙwallo ba. Wannan na damuna ƙwarai.

A ɗakin ƙarfe kuwa kowa da nauyinsa, muddin malami na tsaye a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya na son 'yan shekara 5 zuwa 17 su ƙarfafa tsoka sau 3 a mako, su motsa jiki minti 60 kullum. Yaro mai kunya, ni ƙarfe zan zaɓar masa, ya haɗa da gudu.