Kafin ka biya kuɗin manhajar amsa buƙatun bayanan sirri: Gmail, WordPress, Zendesk ko OneTrust?

Duk wanda sana'arsa ta sa yake riƙe da sunayen mutane da lambobin wayarsu, ko mai kanti ne a intanet, ko mai makarantar kuɗi, ko ƙaramin asibiti, wata rana zai buɗe imel ya tarar da saƙo mai cewa "ku gaya mini abin da kuka ajiye a kaina" ko "ku goge ni daga rajistarku". Mai wannan saƙo ba alfarma yake nema ba. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba shi wannan haƙƙi a sashe na 34, kuma in aka yi biris da shi yana iya kai ƙara NDPC, hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Tarar ƙananan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manya kuma naira miliyan 10 ko wannan kason. Nijar tana da tata hukumar kare bayanai, HAPDP, Gana tana da tata dokar tun 2012. Wanda yake sayar wa mazauna Turai kaya kuwa, GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, ta ba shi wata ɗaya ya amsa, da damar ƙara wata biyu idan aikin yana da sarƙaƙiya.

Saboda haka kamfanoni suka cika kasuwa da manhajoji masu aika amsa da kansu. Kafin ka kalli farashin kowacce, ka san wasiƙun da za ka buƙata, domin su ne ma'aunin. Akwai wadda take cewa an karɓi saƙo. Akwai wadda take tabbatar da cewa mai saƙon shi ne mai bayanan. Akwai amsar ƙarshe. Sai kuma wadda take cewa ba za a iya yin abin da ya nema ba, ko ana neman ƙarin lokaci. A ganina biyun farko kaɗai ya kamata a bar wa na'ura. Sauran biyun sai mutum ya karanta da idonsa kafin su fita, ko da rubutun a shirye yake.

Dalilina shi ne wasiƙa ta biyu. Ka ɗauka wani ya rubuto da sunan wata mata, alhali tsohon mijinta ne yake neman sabon adireshinta. Idan manhajarka tana tura fayil ga duk wanda ya tambaya, kai da hannunka ka miƙa masa ƙofar gidanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a aika mahaɗin tabbatarwa (link) zuwa imel ɗin da yake cikin rajistarka tun farko, ba wanda aka rubuto da shi yau ba. Kuma ina roƙon masu kantuna su daina cewa a turo hoton katin NIN ko lambar BVN. Wanda ka sayar wa turare bai ba ka BVN ɗinsa ranar ciniki ba, to da me za ka kwatanta? Ƙara wa kanka kayan ajiya kawai ka yi, a daidai lokacin da mutumin yake roƙon ka rage.

Zaɓi mafi arha shi ne wanda yake hannunka: Gmail. Daga kwamfuta, a sashen Advanced na saitin, ana kunna Templates, sai ka ajiye shiryayyun wasiƙunka. Za ka iya kuma kafa ƙa'idar tacewa, ta yadda duk saƙon da ya shigo wani adireshi zai samu amsar "mun karɓa" nan take. Ka ware adireshi na musamman don wannan aiki maimakon dogara da kalmomin cikin saƙo, don kada mai tambayar farashi ya samu wasiƙar goge bayanai. Rauninsa a fili yake. Amsar da take fita da kanta ba ta sa sunan mutum ko ranar wa'adi, ba ta ba shi lambar buƙata, kuma ba abin da zai tuna maka cewa wa'adin amsa ya kusa cika. Dole ka haɗa da takardar lissafi mai ɗauke da ranar shigowa, ranar tabbatarwa da ranar amsa. Ga mai samun buƙata ɗaya ko biyu a wata, wannan ya wadatar, kuma ba na ganin dalilin da zai sa ya kashe ko sisi.

Idan shafinka a kan WordPress yake, ka tsaya ka duba abin da kake da shi kafin ka sayi wani abu, domin mutane da yawa ba su san yana nan ba. Tun sigar 4.9.6 da ta fito a watan Mayun 2018, ƙarƙashin Tools akwai Export Personal Data da Erase Personal Data. Kai ne za ka sa imel ɗin mutumin, WordPress ta aika masa mahaɗin tabbatarwa, in ya danna ta sanar da kai, sannan ka danna a tura masa mahaɗin sauke fayil ɗinsa, wanda yake mutuwa bayan kwana uku idan ba a sauya saitin ba. Tsarin tabbatarwar nan yana da kyau ƙwarai, kuma kyauta ne.

Matsalar tana wurin gyara rubutun. Babu wani akwati a saiti da za ka shiga ka sauya kalmomin wasiƙar. Ko dai mai kula da shafinka ya yi amfani da matata irin user_request_action_email_content ya rubuta sabon rubutu, ko a sauya jimlolin ta ƙaramar manhajar fassara irin Loco Translate. Kowace hanya aka bi, kada a taɓa alamomin da suke tsakiyar rubutun, irin ###SITENAME### da ###CONFIRM_URL###, domin su ne guraben da sunan shafi da mahaɗi suke shiga. In aka goge na biyun, wasiƙar za ta isa babu abin dannawa. Kada kuma a yarda wani ya gyara ainihin fayilolin WordPress, sabuntawa ta gaba za ta share aikin. Sannan ka sani cewa abin da yake cikin shafin kawai take gani. Jerin masu karɓar tallanka a Mailchimp, hirarrakin WhatsApp, littafin bashi da ke cikin durowa, duk ba ta san da su ba. Ko a WooCommerce, manhajar kanti ta WordPress, ma sai ka kunna zaɓin cire bayanan mutum daga tsofaffin oda da kanka. Idan wasiƙarka ta ce "mun goge komai" alhali waɗannan suna nan, ƙarya ka sa hannu a kai.

Wani abin da ake mantawa shi ne isar saƙon. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan tantance mai aika saƙo, don haka imel ɗin da ya fito daga shafin da ba a saita masa SPF da DKIM (hanyoyin tabbatar da mai aika imel) ba yana iya faɗawa kwandon shara. Ƙaramar manhajar WP Mail SMTP ko makamanciyarta tana taimakawa a nan.

Mataki na gaba shi ne manhajojin kula da ƙorafin abokan ciniki, irin Zendesk da Freshdesk. Kowace buƙata tana samun lamba, samfurin wasiƙa yana cike suna da lambar da kansa, ana iya ɗora aikin a wuyan ma'aikaci ɗaya, kuma ana iya haɗa WhatsApp, wanda a wurinmu ta nan mutane suka fi zuwa. Ana biya ne a kan kowane ma'aikaci duk wata, da kuɗin waje. In dama kuna amfani da ɗaya, ku ƙara masa wannan aikin. In ba kwa yi, kada ku saye shi don wannan kaɗai.

A can sama akwai OneTrust, DataGrail, Transcend da Osano. Su suna zuwa da fom na karɓar buƙata, suna ƙirga wa'adi bisa dokar da ta shafi mutumin, suna iya shiga sauran manhajojin kamfani su nemo bayanan, kuma suna ajiye tarihin kowane mataki don ranar da hukuma za ta tambaya. An gina su ne da GDPR da dokar Kalifoniya mai wa'adin kwana 45 a zuciya, kuma galibi sai ka nemi a yi maka farashi. Banki, kamfanin sadarwa ko manhajar ba da rance mai dubban kwastomomi suna da hujjar sayensu. Ga makaranta mai ɗalibai ɗari uku, sayen tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Wanda zai saya ya sa a nuna masa a gabansa cewa za a iya saita dokar Najeriya da wa'adinta, kuma ya tambayi ƙasar da ake ajiye bayanan, domin dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje.

Ko wanne ka zaɓa, rubutun naka ne, kuma a nan ake gane wanda ya damu da mutane. Wasiƙar farko ba ta buƙatar fiye da haka: "Assalamu alaikum. Mun karɓi saƙonku na neman goge bayananku, lambarsa 014. Za mu aiko da mahaɗi zuwa imel ɗin da kuka yi rajista da shi don mu tabbatar ku ne. Za ku ji daga gare mu kafin kwana 30. In ba ku ne kuka aiko ba, ku sanar da mu." Na yi amfani da "ku" da gangan, domin na'ura ba ta san ko namiji ne ko mace, babba ko yaro ba. Kada taken saƙon ya tona asiri: asibiti ya rubuta lambar buƙata kawai, ba sunan sashen da mutum ya je ba, saboda wayoyi da yawa a gida ba na mutum ɗaya ba ne.

Wasiƙar ƙin amincewa ita ce ta fi buƙatar guraben da mutum zai cike da hannu: abin da aka goge, abin da aka riƙe, dalili, da ranar da za a goge shi. Cibiyoyin kuɗi, alal misali, dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta 2022 ta tilasta musu ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara biyar. A faɗa wa mutum haka ƙarara, a kuma gaya masa yana da damar kai ƙara NDPC in bai gamsu ba.

Lokacin gwaji, kafin ka biya, ka rubuta samfuri da ƙ da ɗ da ɓ a taken saƙon da cikinsa, ka aika wa kanka a Gmail da Yahoo, ka buɗe a ƙaramar waya. In haruffan suka koma alamar tambaya, ko manhajar ta ƙi bari ka ajiye Hausa da Turanci gefe da gefe, ko ba ta da maɓallin tsayar da amsar ƙarshe har sai mutum ya duba, ka wuce zuwa ta gaba.