Na harba tsohuwar bindigar Greener

Duk mai sha'awar farauta da hanya ta bi da shi Birmingham ta Ingila, ina ba shi shawara ya nemi filin koyon harbi inda za a ba shi tsohuwar bindigar W.W. Greener, maƙerin bindiga na garin, ya gwada. A irin wannan fili na riƙe wata mai baki biyu, muna harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda take rufuwa. Ka lanƙwasa ta a gaɓa ta buɗe, ka zuba harsashi, ka mayar, sai ka ji ƙas, ba girgiza ko kaɗan. Malamin ya nuna mini sirrin: wani ɗan ƙarfe ne ke ratsawa a gicciye ya kulle bututun ta sama. Makullin kariya kuma a gefe yake, sai da yatsana ya saba da shi.

William Wellington Greener, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1921, gado ya yi. Mahaifinsa William maƙerin bindiga ne da ya tsaya kai da fata a kan wadda ake ɗurawa ta baki, kamar harba-ka-ruga ta maharbanmu. Ɗan kuwa ya ga cewa mai cin harsashi ta baya ce za ta yi kasuwa, ya buɗe tasa masana'antar. Ya kuma yi fice wajen tsuke bakin bututu daga ciki, don 'ya'yan dalma su tafi a dunƙule maimakon su watse. Da wannan dabara bindigoginsa suka yi zarra a gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875.

Wallahi a nan na sallama masa. Faifan da ya yi nisa har na fid da rai, bututun hagu mai tsukakken baki ya mai da shi gari. Amma na kusa sai ka iya saiti, domin dalmar ba ta kai ga bajewa ba.

Hattara da harsashi. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila na inci 2½ suke ci, kada a cusa musu dogo na zamani. Ƙorafina ɗaya shi ne lokacin da filin ya ware ya yi kaɗan in aka duba kuɗin da suka karɓa. Duk da haka zan koma, kuma wannan karon zan roƙi malamin ya fara ni da na kusa.