Jirgin shaƙatawa: wane tsawo ne zai dace da ruwan da za ka shiga?

Mai shirin sayen jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai tafiya da iska, yakan fara da tambayar ɗaki nawa ne a ciki. Ni dai shawarata ya fara da tambayar irin ruwan da zai shiga. Tsayin igiyar ruwa na wahalarwa, amma abin da ya fi galabaitar da mutum shi ne tazarar da ke tsakanin wannan igiya da mai bi mata.

A ruwa mai zurfi, in igiya na zuwa duk bayan daƙiƙa 10, tazarar takan kai mita 156. Irinta ake yawan samu a tsakiyar Tekun Atlantika, kuma jirgi mai mita 9 zai hau ta ya gangara a hankali. In kuwa duk bayan daƙiƙa 3 ce, tazarar mita 14 ce kacal. Kafin jirgin ya gama sauka daga ta farko, ta biyu ta mare shi a goshi. Kofin shayi ya tuntsure, yara su fara jiri da amai. Haka ruwan tsibiran Girka yake yi a watan Yuli da Agusta idan iskar Meltemi ta taso. A can jirgi mai mita 12 zuwa 13 ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba, saboda nauyinsa na keta ruwan.

Sai maganar rai. A gasar Fastnet ta 1979, tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, jirage 303 suka tashi, guguwa ta rutsa da su, 'yan gasa 15 suka rasu. Gwajin da aka yi daga baya a Jami'ar Southampton ya nuna igiya mai fashewa, in tsayinta ya kai kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgi kuma ta buge shi ta gefe, tana iya kwantar da shi. Ke nan mita 3 ta ishi mai mita 9, mai mita 13 kuwa sai wajen mita 4.

Ka duba tambarin Tarayyar Turai a jikin jirgin, harafinsa na nuna tsayin igiyar da aka ƙera jirgin ya jure: C na igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, B har mita 4, A sama da haka.

Mai mita 15 akwai daɗi, sai dai kuɗin gyara da na wurin ajiya za su ci maka aljihu, kuma mutum biyu za su sha wuya wajen sarrafa shi. Jirgi mai tagwayen ciki, wato mai gangar jiki biyu haɗe a jere, ba ya karkacewa sosai, masu saurin jiri na son sa, amma gajeriyar igiya takan riƙa dukan ƙasansa da ƙara kamar ana buga ganga.

Ga mai iyali, ni mita 11 zuwa 13 zan zaɓa, mai tambarin A ko B. Kafin ka biya, ɗauki irinsa haya na mako guda a ruwan da za ka riƙa shiga. Ranar da iska ta taso, ka sauka ciki ka gwada dafa shayi.