Wasiƙa daga Finiks: kafin a haƙa kwamin ninƙaya a Bauchi

Assalamu alaikum Yaya, ya iyali, ya fama da zafi. Saƙonka ya iso cewa za ka haƙa kwamin ninƙaya a bayan masaukin baƙin da kake ginawa ta hanyar Jos, kana son jin yadda ake kula da shi a nan tunda sana'ar da nake ci da ita ke nan. Na ga gara in rubuta a fili, don ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambaya ba.

Finiks, babban birnin jihar Arizona, a tsakiyar hamada yake. A 2023 an jera kwana 31 kullum sai zafi ya kai digiri 43 ko ya haura. Ruwan garin daga kogunan Salt da Verde ake samo shi, da kuma Kogin Colorado ta wata magudana mai tsawon kilomita 540, kuma ruwa ne mai nauyi, cike da sinadarin kalshiyam. A shekara rana kan shanye mita 1.5 zuwa 2 daga saman kwami. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ruwa zalla rana take ɗauka. Duk abin da ya narke a ciki nan take barinsa. Ka ƙara sabon ruwa, ya zo da nasa kalshiyam ya tarar da na jiya. Ana son awon kalshiyam ya tsaya tsakanin kashi 200 da 400 cikin miliyan (da wannan ma'auni ake auna sauran sinadaran ma), amma kwamin da ya shekara biyu ko uku ba a sauya masa ruwa ba sai ka tarar ya ninka. Da ido ma za ka gane: wani farin ɓawo ne ke kama tayil daidai bakin ruwa, irin na cikin tsohuwar butar shayi, in ka shafa ya karce maka yatsa.

Kulorin kuwa, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, rana ce abokiyar gabarsa. In ka zuba shi tsirara da hantsi, kafin azahar yawancinsa ya ƙone. Shi ya sa ake haɗa shi da asid ɗin sayanurik, wanda ke yi masa garkuwa, awo 30 zuwa 50. To a nan mutanen garin nan suke shiga uku. Ƙwayoyin kulorin da suke jefawa a kwami saboda sauƙi, kusan rabin nauyin kowace ɗaya wannan garkuwar ce, ita kuma ba ta ƙonewa, ba ta bin iska. Tana taruwa har ta wuce 100, ta danne kulorin ya kasa aiki. Sau da yawa mai gida zai kira ni ransa a ɓace, ruwa ya yi kore shar da gansakuka, alhali abin gwaji na nuna akwai kulorin. Maganin ɗaya ne, a zubar da wani kaso na ruwan a sa sabo, shi ma sai da sanyi, don in ka bar kwami fayau a tsakiyar bazara siminti tsagewa yake. Akwai kamfanonin da ke zuwa da mota mai injin tacewa, su ja ruwan su cire gishirin su mayar da shi, kaɗan kawai ake zubarwa. Wannan aiki yana burge ni ƙwarai, don na san darajar jarka ɗaya a hannun mai ga-ruwa.

Ku a gida matsalarku za ta zo ta ɗaya gefen. Garin kulorin na durom da aka fi samu a kasuwanninmu ba shi da garkuwa ko kaɗan, kuma kalshiyam yake ƙarawa. Saboda haka sai ka nemi garkuwar daban, ka riƙa zuba kulorin bayan magariba. A ganina wannan ya fi ƙwayoyin nan aminci, muddin akwai mai aunawa.

Awon nan shi ne ainihin abin da suka fi mu. A shagunan kayan kwami irin su Leslie's, wanda hedikwatarsa ke garin nan, za ka shiga da ruwanka a 'yar kwalba, a gwada maka kyauta, cikin 'yan mintuna a miƙo maka takarda: kulorin kaza, kalshiyam kaza, zuba kaza. Ni kuma kowane gida sau ɗaya a mako nake zuwa. In nutsa hannu har gwiwar hannu in ɗebo ruwa, in ɗiga jan magani, in ɗaga kwalbar sama in duba launi. Ana son pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin 1 zuwa 3. In launin ya koma ja sosai, pH ya hau, sai asid. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma don Allah ka ja kunnen yaron da zai riƙa yi maka aikin kada ya taɓa haɗa asid da kulorin ko ya ajiye su kusa da juna. Hayaƙin da ke tashi yana kisa.

Kada ka ɗauka kaya ba sa yankewa a Amurka. A Agustan 2020 guguwar Laura ta jawo gobara a wata babbar masana'antar ƙwayoyin kulorin a jihar Luwiziyana, shekarar da ta biyo baya kuwa sai da muka yi ta yawon shaguna, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Ƙura muna da ita kamar ku. Daga Yuli zuwa Satumba iska kan taso da bangon ƙura ta rufe gari, washegari ƙasan kowane kwami ya yi ja. Sai dai tamu ta dare ɗaya ce, hazon hunturu kuwa watanni yake yi, don haka matatarka za ta fi tamu shan wahala. Wikki da ke Yankari garau take ba a zuba mata komai, saboda ruwanta ɓuɓɓugowa yake yana wucewa dare da rana. Kwami ruwan tsaye ne, famfo ne kawai ke motsa shi, kuma da zafi yana buƙatar awa 8 ko fiye a kullum. A nan ba ma tunanin wuta. Kai dole ka sa kuɗin sola ko na janareta a lissafi tun kafin a sa diga, don kwana biyu ba famfo a watan Afrilu ya isa ruwa ya juya.

Dokar Arizona ta wajabta shinge mai tsayin ƙafa 5 kewaye da kwami a gidan da akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 6. Ko babu mai tilasta maka, ka yi shingen, da ƙofa mai rufe kanta, tunda baƙi da 'ya'yansu za su riƙa sauka.

Zan aiko maka da akwatin gwaji na ɗigo, ba na takarda ba, ya fi faɗin gaskiya. A ajiye shi a inuwa, magungunansa kuma a sabunta su duk shekara. Kai kuma ka sa a gwada ruwan burtsatsenka a aiko mini da sakamakon, domin na dam ɗin Gubi daban, na ƙarƙashin ƙasa daban, kuma da shi zan lissafa maka abin da za ka saya. A gaida Hajiya da yara.