Wace fata ta dace da kuben bindigar wasa? Jagora ga mai saye a Jos

A garin da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwatarta, kuma ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos da na makarantar koyon shirya fim suke haɗa kayan wasansu da kuɗin aljihunsu, ba abin mamaki ba ne a ga matashi yana neman yadda zai ɗinka wa bindigar roba kube ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Irin bindigar nan ta labaran sararin samaniya ta fi ƙaramar bindiga ta gaske kauri, sau da yawa kuma tana da madubin saiti a samanta, don haka kuben da aka saya a shirye ba ya cika yi mata daidai. Kafin ka ba da kuɗinka, abin da ya kamata ka auna shi ne ko abin da za ka saya zai tsaya da kansa ya riƙe siffar bindigar, domin kuben da ya langaɓe yana hana ɗan wasa mayar da bindiga da hannu ɗaya a gaban kyamara.

Zaɓin da na fi amincewa da shi shi ne fatar saniya wadda aka jeme da bagaruwa, mai kaurin kusan milimita 3. Fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa tana shan ruwa ta yi laushi, idan kuma ta bushe sai ta sandare a kan siffar da aka danna ta. Wannan ne ke ba ka damar naɗe bindigar da leda, ka jiƙa fatar da ruwa mai ɗumi kaɗan, ka lulluɓa mata, sannan ka bi lungu-lungu da bayan cokali kana dannawa har zanen bindigar ya fito. A inuwa ake shanya ta ta kwana, domin rana mai zafi ko bakin murhu suna sa ta ƙanƙance ta tsattsage. Ba ka buƙatar fata sukutum, yanki mai faɗin kamu biyu ya ishe ka, kuma wurin neman irinsa shi ne wajen dukawa, musamman na Naraguta da suka daɗe da yin suna a aikin fata. Ka tambayi ragowar yanka, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba, amma ka guji ɓangaren ciki na dabbar saboda yana miƙewa, ka nemi na gadon baya ko na kafaɗa.

A nan ne mai saye yake yawan ruɗuwa, domin fatar masana'anta da aka jeme da sinadarin kurom tana da kyan gani da santsi, amma ko ka jiƙa ta ba za ta riƙe siffa ba. Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗiga ruwa a fuskar fatar da ba a shafa wa fenti ba: idan ta shanye shi wurin ya yi duhu, alama ce mai kyau. Sannan ka dubi bakin da aka yanka, idan tsakiyarsa ya yi toka-toka mai ratsin shuɗi, ta kurom ce, idan kuwa ruwan ƙasa ne daga sama har ƙasa, to ita kake nema.

Fatar akuya, har da jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ita ce ta fi samuwa a hannun dukawanmu, kuma wajen launi da laushi babu kamarta. Sai dai kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, saboda haka ita kaɗai ba za ta tsaya ba. Amfaninta shi ne a manna ta a kan wani abu mai tauri, ko a yi shafin ciki da ita don kada fentin bindigar ya goge, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi dacewa da ita.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya zuwa kasuwar Katako ya duba tsofaffin jakunkuna da bel a wajen 'yan gwanjo. Tsohuwar jaka tana zuwa da ƙarafunan ɗauri da maɓallai da za ka cire ka sake amfani da su, ga kuma kamar abin da ya sha aiki, wadda masu shirya kayan wasa suke wahalar samarwa da fenti. Yawancin jakunkunan fatar kurom ce ko kuma roba mai kama da fata, don haka sai ka manna mata robar nan da masu gyaran takalma suke yin shimfiɗar ciki da ita. Ka lanƙwasa jakar tun a gaban mai sayarwa, idan fuskarta ta fara ɓarewa ko ka ga yadi a bayanta, ka san ba fata ba ce.

Ledar da masu kujeru suke amfani da ita ce mafi araha, kuma ta isa ga wasan makaranta na yini ɗaya idan aka manna ta a kan kwali. Ba ta jure ɗinkin da ake ja da ƙarfi, kwalin kuma yana lalacewa da gumi ko ruwan damina.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka taɓa fatar da wuƙa kafin ka fitar da zanen a takarda mai kauri, ka naɗe bindigar da ita, ka bar rarar kusan santimita 1 da rabi a gefen da za a ɗinka, tare da buɗe tsaga a sama idan akwai madubin saiti. Kayan aikin ba su da yawa: reza mai kaifi, basilla ko ƙusa don huda, allurai biyu, zare mai ƙarfi da aka goga wa kakin zuma, da gam na masu takalma. Tazarar milimita 5 tsakanin huji da huji ta wadatar. Madaukin da bel zai shiga shi ake fara ɗinkawa kafin a rufe kuben, domin bayan an rufe hannu ba zai kai wurin ba. Idan za ka sa ƙusoshin matsi, wato ƙananan ƙarafan da ake dannawa su haɗa fata biyu, ka tabbata bayansu ba ya gogar jikin bindigar. Wanda kuma bai yarda da hannunsa ba wajen ɗinki, ya yanka ya siffata da kansa, sannan ya kai wa baduku ya ɗinka masa, wanda hakan ya fi ba da aikin gaba ɗaya sauƙin kuɗi.

Sanyin hunturun Jos yana busar da fata ƙwarai, saboda haka ka haɗa da man takalmi ko ɗan man kaɗe, amma a shafa kaɗan, don mai da yawa yana kashe taurin da ka sha wahalar samu. Kube mai kyau yana sa bindigar roba ta yi kama da ta gaske daga nesa, don haka a ɗauke su a cikin jaka zuwa wurin wasa, kada a rataya su a ƙugu a kan titi, kuma idan ɗaukar fim ɗin a waje za a yi, a sanar da jami'an tsaro da mai unguwar wurin tun kafin ranar.