Hattara da masu sayar da masaukin shafin intanet na "har abada"

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi mutum ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa wayo. Makon jiya ne na sake cin karo da tallar, irin wadda ta kama ni sak, sunan kamfanin da launin tambarinsa kawai suka canza. Ƙarƙashinta kuma mutane sun yi layi suna tambayar yadda za su biya. Shi ya sa na ga shirun ya isa haka. Ba zan kama suna ba, kuma ko na kama ba zai amfane ku ba, tunda suna shi ne abin da ya fi sauƙin canzawa a wurin irin waɗannan mutane. Salon nasu ne ba ya canzawa.

Ga abin da tallar take cewa: ka biya sau ɗaya, ka samu masaukin shafinka har abada, da sunan shafi kyauta, da wurin ajiya mara iyaka, da imel mai ɗauke da sunan shafinka. Ni a lokacin shafi nake so in buɗe don rubuce-rubucena da aikin fassarar da nake yi wa mutane. Da na duba manyan kamfanoni sai na ga kowa yana neman biya duk wata ko duk shekara. Shi kuwa wannan abin da ya nema bai kai na shekara biyu a wurinsu ba. Na san ana cewa araha ba ta ado, amma mutumin yana da bakin magana. Da na tambaye shi yaya har abada, sai ya ce, "Malam, sabar tamu ce ta kanmu, ba haya muke yi ba. Kai dai ka turo sunan da kake so, kafin dare ka gan shi a intanet." Kuma haka aka yi, kafin dare shafin ya hau. Wannan saurin ne ya rufe mini ido.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne abu biyu na saya, ba ɗaya ba. Akwai masaukin, wato wuri a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba, inda fayilolin shafinka suke zaune. Akwai kuma sunan shafin, wanda mutane suke rubutawa su iso gare ka. Masauki kamar ɗakin haya ne, in mai gida ya ɓata maka rai ka kwashe kayanka ka koma wani. Suna kuwa shi ne adireshin da kowa ya san ka da shi, shi ke kan katinka, shi Google ya sani, a kansa imel ɗinka yake. Wanda ya riƙe sunan shi ya riƙe ka.

To, a nan ƙaryar farko take, kuma da na san abu ɗaya tak da na gane ta tun ranar. Sunan shafi ba a sayensa a mallaka din-din-din. Rajista ake yi na wa'adi, ana sabuntawa. A ƙa'idar ICANN, hukumar da aka kafa a 1998 mai kula da tsarin sunaye a intanet, suna irin na .com ba a yi masa rajistar da ta wuce shekara 10 a lokaci guda. Kamfanin Verisign da ke riƙe da kundin .com yana karɓar kuɗinsa a kan kowane suna kowace shekara. Saboda haka duk wanda ya ce ya ba ka suna har abada da biya ɗaya, ko dai daga aljihunsa zai riƙa biya maka har ƙarshen rayuwarsa, ko kuma yana da wani lissafi da bai gaya maka ba.

Sabar ma ba tasa ba ce. Daga baya na gane dillali ne. Manyan kamfanoni suna sayar da asusun dillanci, mutum ya karɓi babban wuri ya yayyanka shi ƙanana, kowane mai saye a ba shi nasa cPanel, wato allon sarrafa shafi, da kalmar sirri, ya ɗauka da kamfani yake hulɗa. Dillancin kansa ba laifi ba ne, akwai masu yinsa da gaskiya da amana, kuma sau da yawa sun fi manyan kamfanonin saurin amsa kira. Matsalar ita ce dillali duk wata yake biyan haya. In ya karɓi kuɗinka sau ɗaya ya yi maka alƙawarin har abada, da me zai biya hayar wata na ashirin? Da kuɗin sababbin shiga. Muddin sababbi suna zuwa, shafukan tsofaffi suna nan a buɗe, kowa yana yabonsa yana kawo masa abokai. Ni kaina na kai masa mutum biyu, abin da har yau yake ci mini rai fiye da asarata. Ranar da sababbin suka yi ƙaranci, ranar komai yake tsayawa cak.

Kafin a kai can ya riga ya tatse ni ta wasu hanyoyin. Wata uku da buɗe shafin ya ce sai na biya kuɗin takardar tsaro, wadda ke sa ɗan kwadon nan ya bayyana kusa da adireshi, in ba haka ba burauza za ta riƙa gargaɗin masu shigowa. Na biya. Sai da komai ya lalace wani abokina da ya san harkar ya nuna mini cewa takardar ta Let's Encrypt ce, wata ƙungiya da ke bayar da irin wannan takarda kyauta ga kowa, takardar kuma tana sabunta kanta kafin wa'adinta ya ƙare ba tare da an taɓa komai ba. Kowa yana iya duba wannan da kansa, ka danna alamar da ke gefen adireshin ka buɗe bayanin takardar, za ka ga wanda ya bayar da ita. "Mara iyaka" ɗin ma da na fara ɗora hotuna da yawa sai ga saƙo wai na wuce adadin fayiloli, sai na ƙara kuɗi a ɗaga ni zuwa babban tsari. Rigar ƙawata shafi mai tsada ta WordPress, wato manhajar gina shafi, da ya ce ya ba ni kyauta kuwa ta sata ce da aka fasa, ba ta karɓar sabuntawa, kuma a cikinta aka tarar da mahaɗai ɓoyayyu zuwa shafukan da ban taɓa sani ba.

Wata na goma sha huɗu, da safe, wata mata da nake yi wa fassara ta kira ni ta ce saƙonta yana dawowa. Na buɗe shafin, sai farin allo da layi ɗaya na Turanci cewa an dakatar da wannan asusu. Na kira shi. Ranar farko ya ce gyara ake yi. Ranar uku ya ce an kai wa sabar hari. Bayan mako ɗaya ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, kamfanin da ke sama da mu ne ya ƙara kuɗi." Na ce wane kamfani, ba ka ce sabar taku ce ba? Ya kashe waya. Na tambayi kwafin ajiyar da ya ce ana yi kullum, ashe a kan sabar ɗin da aka rufe ake ajiye shi. Kwafi da asali a ɗaki ɗaya, ɗakin kuma an sa masa kwado.

Ko a nan ban karaya ba. Na ce ai masauki ne ya tafi, zan kama wani in juya sunan can. Na biya wani kamfani, suka ce in shiga wurin da na yi rajistar sunan in canza adireshin sabar. Sai na tsaya ina kallon allo. Wane wuri? Ban taɓa samun asusu a wani kamfanin rajista ba. Shi ya yi rajistar, a cikin asusunsa, da sunansa, da imel ɗinsa. A idon kamfanin rajistar, da idon ICANN, shi ne mai sunan. Ni baƙo ne da ke da rasit na tura kuɗi da hotunan hira.

Akwai alamar da ta wuce ni tun ranar farko. In aka yi rajistar suna da imel ɗinka a karon farko, kamfanin rajista yana turo maka saƙo ka tabbatar da adireshin, kuma in ba ka tabbatar ba cikin kwana 15 ana iya dakatar da sunan. Haka kuma wajibi ne su tunatar da mai suna kafin wa'adinsa ya ƙare, kusan wata ɗaya kafin ranar da kuma kusan mako ɗaya. Ni ko ɗaya ban taɓa gani ba, na ɗauka kyakkyawar hidima ce, an ɗauke mini wahala. Akwai lokacin da na duba bayanan sunan na ga an rufe wurin mai shi, na tambaye shi, ya ce don kare sirrina ne. Gaskiya ne tun 2018, da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, yawancin kamfanoni suna ɓoye sunan mai rajista daga idon jama'a. Shi sai ya laɓe a bayan wannan. Abin da ba a ɓoye shi ne sunan kamfanin rajistar, da ranar da aka yi ta, da ranar ƙarewa. Shafin bincike na ICANN yana nuna su kyauta. Da na duba da kyau da na ga shekara ɗaya kacal aka biya wa sunan da aka ce nawa ne har abada.

Da na matsa masa ya ba ni lambar izinin ƙaura, wadda da ita ake ɗauke suna daga wani kamfanin rajista zuwa wani, sai ya fito a mutum. Ya yanka mini kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da na biya da farko, wai kuɗin sallama. Ƙa'ida ta ce kamfanin rajista ya ba mai suna wannan lamba cikin kwana 5 da nemanta, amma mai suna, ba wanda ya ba mai suna kuɗi ba. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin ladabi cewa ba za su yi magana da kowa ba sai mai asusun. ICANN tana karɓar ƙorafi a kan kamfanin rajistar da ya karya ƙa'ida, amma ba ta raba gardama tsakanin mutum da wanda ya yi masa rajista. Akwai tsarin sasanta rikicin sunaye da aka kafa tun 1999, sai dai an yi shi ne don masu alamar kasuwanci, kuma kuɗin shigar da ƙara kaɗai ya fi ƙarfin ƙaramin shafi irin nawa. Na ƙi biyan fansar, don ba ni da tabbacin in na biya zai saki. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na kai masa ya biya, ya samu lambar, ya tsira da sunansa. Ɗayan ya biya, aka toshe lambar wayarsa.

Ga mai shirin buɗe shafi yanzu, abin da zan ce bai da yawa. Ka yi rajistar sunan da hannunka, a kamfanin da ICANN ta amince da shi, da imel ɗin da kai kaɗai ke shiga. Kada kuma imel ɗin ya zama na kan sunan shafin, don ranar da shafin ya faɗi da shi zai faɗi. Wanda zai gina maka shafi ba ya buƙatar mallakar sunan, adireshin sabar kawai zai ba ka ka saka. Ni yanzu suna a wani kamfani yake, masauki a wani, da gangan. Ka tambayi mai sayar da masauki kai tsaye ko dillali ne, da nawa za a sabunta a shekara ta biyu, tunda ko kamfanonin ƙwarai sukan rage kuɗin shekarar farko su dawo da cikakkensa daga baya. Ka riƙa sauke kwafin shafinka zuwa kwamfutarka, fayiloli da rumbun bayanai duka, ka kuma gwada buɗe shi ko sau ɗaya ne. Ka biya ta hanyar da za ka iya ƙalubalantar biyan in an cuce ka, ba turawa asusun mutum ba.

Wanda kuma ya riga ya shiga hannunsu, kuma shafinsa yana aiki har yanzu, to yau ya kamata ya motsa, tun ana dariya da juna. Ya fara sauke kwafin komai kafin ya ce uffan. Sannan ya buɗe asusu nasa a kamfanin rajistar da sunan yake, ya nemi a tura masa sunan can, ko a ba shi lambar ƙaura. A sani cewa sabon suna ba ya ƙaura zuwa wani kamfani sai ya cika kwana 60, kada a ɗauki wannan a matsayin ƙarya in an faɗa, amma bayan kwana 60 wannan uzurin ya ƙare. Yadda mutumin ya amsa wannan buƙata zai nuna maka ko wane ne shi.

Rubuce-rubucena na tsinto wasu daga Wayback Machine, wato rumbun adana tsofaffin shafukan intanet, wanda ya ɗauki hoton wasu shafukan kafin su ɓace, na sake kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Saƙonnin imel na sama da shekara guda sun tafi. Sunan kuwa na zauna ina ƙirga masa kwana, da fatan in wa'adin da dillalin ya ƙara masa ya ƙare bai sabunta ba zan kama abina. Sunan .com in ya ƙare yakan yi har kwana 45 a hannun kamfanin rajista, sai kwana 30 na fansa, sai kwana 5 kafin a sake shi ga kowa. Na ƙirga daidai, na tashi da asuba ranar da na sa ran za a sake shi. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kwamfutocinsu suna cafke sunan da aka saki cikin daƙiƙa. Sun riga ni. Yau in ka rubuta tsohon adireshina tallar caca za ka gani, kuma har yanzu akwai katunana a hannun mutane ɗauke da shi.